An Riga An Rubuta Sun Fita

Shekarar nan Marlene Thibodeau da iyalinta sun sha yawon daji a jihar Maine ta Amurka. Tun Janairu mijinta Dwayne ya kafa doka: kowace Asabar sai an hau tsauni. Sun sha cizon ƙudaje, sun kwana a tanti ruwa na ɗiga musu a ka. Ƙaramar 'yarsu Odile ta yar da takalmi a rafi. Babbar, Corinne, ta rantse ya fi sau goma ba za ta ƙara zuwa ba, kuma ba ta taɓa fashi ba. Saura fita ɗaya su cika hamsin da biyu.

A bakin hanyar hawa tsaunin akwai akwatin katako da littafi a ciki. Mai shiga ya rubuta suna da lokaci, in ya dawo ya cike gurbin fita, don masu gadin daji su san wanda za su nema. Dwayne kuwa Allah bai ba shi haƙuri ba. Ran fitar ƙarshen, ya jera sunayensu huɗu, nan take ya cike gurbin fita: ƙarfe huɗu.

"Wannan kuma fa?" in ji Marlene. "Ko shiga ba mu yi ba, har ka fitar da mu?"

"Haba, wa zai cire safar hannu da yamma a wannan sanyin? Aiki na rage mana."

"Sannu, sarkin dabara."

Suka hau, suka ɗauki hoto, suka sauko. Rana na faɗuwa suka hango akwatin, ga motarsu can gaba, taku talatin bai cika ba. Suka wuce shi. Itatuwa suka rufe su, suka sha kwana, sai ga akwatin kuma a gabansu.

Dwayne ya yi dariyar yaƙe. Suka sake wucewa. Akwatin dai.

A karo na uku ba wanda ya yi dariya. Iska ta tsaya cak. Ƙamshin ƙaron itatuwa ya ɗauke, wani wari ya maye gurbinsa, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Marlene ta jawo yaran kusa da ita.

"Mama," Odile ta yi raɗa, "su wa ke sanye da rigunanmu?"

Bayan akwatin, mutum huɗu na tafiya wajen motar. Ƙanƙara na ƙaras ƙaras a ƙarƙashin ƙafafunsu. Jar rigar Corinne. Hular Marlene. Duk sanyin nan, ba tururin numfashi a bakin ko ɗaya.

Dogon cikinsu ya sa hannu a aljihu. Fitilun motar suka ƙifta.

Dwayne ya laluba nasa aljihun. Wayam, ba makullin motar.

Nan Marlene ta gane. Littafi ya ce mutum huɗu sun fita ƙarfe huɗu, ga su kuwa suna fita. In suka shiga motar, ita da 'ya'yanta sun zama na daji.

Ta fizgo littafin, ta cafki fensirin da ke ɗaure da zare. Ta soke lokacin Odile. Ƙaramar siffar ta zube kamar zani ya faɗo daga igiya.

Ta soke na Corinne. Ta soke nata.

Dogon ya waiwayo. Fuskar Dwayne ce.

Ta zo kan na Dwayne ke nan, fensirin ya karye.

Ta kankari takardar da farce. Takardar ta daskare, ko gezau.

"Kwashi yaran," Dwayne ya ce a kunnenta. "Ina bayanku."

Suka ruga. Ba ta tsaya ba sai da ta ji tsakuwar wurin ajiye motoci a ƙafarta. Ta fizgo ƙofar motar, ta cusa yaran, sai ga Dwayne zaune a mazaunin direba, hannuwa a kan sitiyari.

"Kun daɗe," ya ce.

Ta waiga. Ba kowa a wajen akwatin. Leɓen Odile ya fara shuɗi don sanyi, gari kuma da nisa. Ta shiga.

Tun ranar, mutumin yana zuwa aiki, yana cin abinci, yana amsa sunan Baba. Bai ƙara zancen tsauni ba. Odile ta daina zama kusa da shi, ba ta kuma faɗi dalili ba.

Asabar ta gaba Marlene ta koma ita kaɗai, da biro a hannu. Ta tarar masu gadi sun ɗauke tsohon littafin, sun sa sabo. A layin farko ga rubutun mijinta, an danna har takarda ta huje: sunansa, lokacin shiga, gurbin fita a buɗe.

Ta cike masa, ta tsaya jira. Da yamma ta ji taku a kan ƙanƙara, da sauri, irin tafiyarsa. Takun ya zo dab da akwatin, sai ya sake yin nisa.

Haka take yi duk Asabar. In duhu ya fara, ta share hawaye, ta koma gida ta dafa wa wancan mutumin abincin dare.