Linzamin Kafinta

Kowa da abin da yake faɗa a kan Kafinta. Maƙwabta suna cewa tun da injin yankan katako ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama ya shige ɗaki, ko rana ba ta ganinsa. Abokan aikinsa na da suna cewa ba a yi mai hannu irin nasa ba a duk layin, daga nan sai su yi shiru, don kalmar hannun ta yi musu nauyi a baki. Surukarsa kuwa ta daina ce masa Kafinta, "mai gem" take kiransa. Yaya Babba, yayar matarsa, ta fi kowa taƙaitawa: ƙato da gemu ya zauna yana harbin aljanu a kwamfuta, mace tana ciyar da shi.

Auta tana jin duka, domin ita ce macen. Nas ce a wani ƙaramin asibiti, wuni take yi tana wanke ciwon mutanen da ba ta sani ba, ta dawo gida ta tarar da bayan mijinta. Baya kawai take gani, da abin saurare a kunnuwansa, da hasken allon kwamfuta yana lilo a bango.

Ranar da abin ya faru ta dawo ƙafafunta a kumbure. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Tana cire takalmi sai ta ji shi yana dariya. Dariyarsa ta da, wadda take farawa daga ciki, wadda ta ɗauka injin ya haɗa da ita ya yanke. Ashe tana nan, da wasu yake yin ta, mutanen cikin gem da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Ba ta san lokacin da ta isa teburin ba. Ta fizgi wayar linzamin kwamfutar daga baya, ta maka shi da bango.

Kafinta ya durƙusa ya tsince ɓaraguzan da hannun hagu, ya zuba a leda, ya ajiye a kan tebur. Tun daga ranar bai kunna kwamfutar ba, bai kuma yi mata magana ba sai in ta tambaye shi ya amsa da i ko a'a.

Da safiyar yau Yaya Babba ta kira ta.

"Kin haɗa jakar?"

"Na haɗa, Yaya."

"To da yamma ina zuwa da mota. Mama ta ce ta gyara miki ɗakinki. Auta, ki dubi kanki a madubi mana! Kin rame kamar ke ce marar lafiyar."

"Na ji. Amma sai na fara saya masa linzaminsa."

"Wane linzami kuma? Wannan ɓeran roban? Ke dai wallahi... Shi ne ya kamata a saya wa linzami, irin na baki!"

"Ba na son a ce na fasa masa abu na gudu."

"Sai ki yi ta yi. Ina nan tafe."

Da aka tashi aiki Auta ta bi ta layin masu kayan kwamfuta da ledar a jaka. A ranta ta gama shirya komai. Za ta saya, ta ajiye masa a tebur, ta ɗauki jakarta. Ba sai an yi magana ba. Maganar ce ba ta da ƙarfin yi.

Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Yana ganin farar rigarta ya miƙe.

"Malama nas, sannu da aiki. Allurar ce ta biyo mu har shago?"

Ta yi murmushin dole.

"Baba, linzamin kwamfuta nake so. Na masu gem."

"Maus ke nan. Na yaro ne?"

"Na maigida."

"Ai duk ɗaya ne, girman takalmi ne kawai ya bambanta su." Ya fara sauko da kwalaye yana jerawa. "Mai waya ko marar waya?"

"Kowanne."

"Babu kowanne a nan, 'yata. Marar waya ya fi sakewa, amma ranar da caji ya ƙare ana tsakiyar yaƙi, ke za ki ga fushin. Mai nauyi ko marar nauyi? Ga wannan mai huji-huji, kamar ba ki riƙe komai ba. Wannan kuma mai fitilu ne, yara na mutuwa a kansa."

Auta ta dafe goshi. Ƙafafunta suna zugi.

"Don Allah ba ni mafi kyau kawai, sauri nake yi."

"Mafi kyau shi ne wanda ya zauna a hannun mai shi. Yaya yake riƙewa?"

"Kamar yaya?"

Dattijon ya ɗora hannu a kan ɗaya.

"Wani kwantar da tafi yake yi gaba ɗaya, haka. Wani ya tanƙware yatsu kamar kyanwa za ta yi yagi. Wani da bakin yatsu kawai yake taɓawa. Naki wanne ne?"

Ta tsaya tana kallon hannun dattijon a kan linzamin.

"To hannun fa, babba ne ko ƙarami?"

"Babba ne," ta ce da sauri. Sai muryarta ta sauka. "Da dai babba ne..."

Gaskiyar ita ce ba ta sani ba. Rabonta da ganin hannun tun yana cikin bandeji. Da aka sallamo shi daga asibiti ita ta zauna za ta wanke masa ciwon, ta jera auduga da magani kamar yadda take yi wa kowa. Tana kai hannu ya janye, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba: "Kada ki taɓa ni! Ni ba majinyacinki ba ne!" Ta kwashe kayanta ta tashi. Ya koma zuwa wani asibitin ana wanke masa. Daga nan hannun ya koma cikin aljihu ko ƙarƙashin tebur, ita kuma ta koya wa idonta kaucewa.

"Kin zo da tsohon?" in ji dattijon. "Shi zai faɗa mana."

Ta miƙa masa ledar. Ya zazzage a kan gilashi, yana haɗa gutsattsarin kamar mai ɗorin karaya.

"Kai! Wannan ba faɗuwa ya yi ba." Ya leƙo ta saman tabarau, ya ga fuskarta, ya mayar da kai. "To, irin mai madannai da yawa ne a gefe, na babban yatsa. Amma wannan fa mene ne? Ban taɓa ganin kamfanin da ya yi haka ba."

Ɗan guntun katako ne manne a kan madannin dama, bai fi rabin yatsa ba. Auta ta karɓa. An fere shi, an lanƙwasa shi ya leƙa gefe, an goge shi sumul har babu inda zai soki fata. A tsakiyarsa akwai ɗan kwarmi da ya yi duhu saboda gumi.

Ta san wannan gugar. Ita ce a hannun kujerun falonsu, ita ce a bakin gadonsu. Mutumin da ya ce har abada ba zai sake taɓa katako ba, ya zauna da hannun hagu yana ferewa lokacin da take wurin aiki, don yatsun da suka rage su kai inda waɗanda suka tafi suke kaiwa. Wa ya san sau nawa ya ɓata kafin wannan ya fito?

Shi ta maka da bango.

"Malama nas? Lafiya?"

"Yatsu uku gare shi, Baba," ta ce. Yau ta fara faɗar hakan da bakinta. "Inji ne ya yanke manuni da na tsakiya."

Dattijon ya cire tabarau. Ya ture mai fitilun da mai hujin gefe, ya daɗe yana duba kayan shagon, ya ciro guda biyu.

"Wannan faffaɗa ne, yana da wurin kwantar da ƙananan yatsu, madanninsa laushi gare shi. Wannan kuma ya fi yawan madannai a gefe, babban yatsa zai yi aikin kowa. Ban san wanda zai yi masa ba, ke ma ba ki sani ba. Tafi da su ya ɗora hannu. Wanda ya ƙi, ki dawo min da shi."

"Baba, da dai ka zaɓa min ɗaya..."

"Ba hannuna ba ne, 'yata."

Da ta koma gida ta tarar da Kafinta a kan kujerarsa, kwamfuta a kashe, yana kallon taga. Jakarta tana nan bakin ƙofa inda ta bar ta. Dole ya gan ta, tun safe take wurin.

Ta ajiye kwalayen a tebur.

"Ga shi. An ce ka gwada."

Ya dube su, ya dubi jakar.

"Da ba ki wahalar da kanki ba. Yaya ce za ta zo?"

"Ita ce."

"To."

Ya juya ga tagar. Abin da ta shirya ke nan, ta ajiye, ta tafi. Amma ba ta tafi ba. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna kusa da shi, ta buɗe kwalayen, ta jera linzaman biyu. A tsakaninsu ta ajiye guntun katakon.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Yaushe ka fere shi?"

"An jima."

"Da wane hannu?"

"Na hagu. Na dama ya riƙe min." Ya ɗan yi tsaki. "Aikin banza ne, ko yaron shago ba zai nuna wa mutane wannan ba."

"Ka gwada su in gani."

"Zan gwada in kin tafi."

"Ɗaya zan mayar. Ka gwada yanzu."

"Auta..."

"An tambaye ni yadda mijina yake riƙe abu, na tsaya kamar gunki a gaban mutane! Ni da nake juya hannun kowa a asibiti! Ka fito da shi, don Allah. Na gaji."

A hankali ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a tebur.

Ciwon ya warke tas. Fata ta rufe dungulmin biyu, ɗinkin ya zama farin layi. Bai kai munin da ta yi ta zanawa a ranta ba. Hannunsa ne dai, da faɗinsa, da tsohon tabon kurfin sassaƙa a gefen babban yatsa.

Ya ɗora shi a kan mai madannai da yawan. Yatsun suka zame, bai kama ba. Ya koma kan faffaɗan. Tafin ya kwanta, yatsan zobe ya miƙa ya sami madanni, ƙaramin ya rungumi gefe. Ya danna sau ɗaya, ya sake dannawa.

"Wannan ya zauna," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ko katakon ma ba sai an sa ba."

"A gem ɗin kana dariya."

"A can ba wanda ya san hannuna. Gwani suke ce min. A nan kuwa ko kin yi shiru ina jin abin da ake faɗa miki. Kuma gaskiyarsu ce." Ya ɗaga ƙaramin yatsan yana motsa shi, bakinsa yana son yin murmushi ya kasa. "Kin gani? Manyan sun tafi sun bar ni, autar ce ta tsaya tana ta wahala. Yau kuma..."

Bai ƙarasa ba. Hon ɗin mota ya tashi a waje, sau biyu, irin na Yaya Babba. Wayar Auta ta hau ruri a jaka. Ta ɗaga.

"Fito mana, na tare wa mutane hanya!"

"Yaya, ki wuce."

"In wuce ina? Auta, kada ki mayar da ni 'yar iska! Me zan ce wa Mama?"

"Ki ce mata zan zo da kaina in yi mata bayani. Mu biyu za mu zo."

"Ya karanta miki wani abu ko? Wallahi ke dai..."

Auta ta kashe wayar. Ta kai hannunta kan nasa, a kan linzamin. Ya ɗan zabura kamar zai janye, sai ya bari. Ta bi farin layin da yatsa, ta rufe dungulmin da tafinta. Hawayenta suka ɗiga a bayan hannunsa.

"Autata," ya ce. "Ranar nan da na yi miki tsawa..."

"Tsaya."

"Bari in faɗa, ya daɗe a wuyana."

"Ka tsaya, na ce. Naka zai jira. Tun daga shago nake ɗauke da nawa, in ban sauke yanzu ba zan sake haɗiye shi."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta dube shi ido cikin ido.

"Na fasa maka abinka, na kuma so in gudu ba tare da na buɗe baki ba. Ka yi haƙuri, mijina. Don Allah ka yafe min."