Wanda Ke Leƙen Shafin Oga

Dogo mai gyaran esi ya ɗaga tukunyar fulawa, ya ɗauki makulli kamar yadda aka rubuta masa, ya buɗe gidan likitar haƙori, sai ya tarar an riga shi zuwa. Bangon falo tsirara, wayoyin talabijin na lilo, durowa duk a zazzage. Esin da ya zo wankewa kaɗai aka bar masa, don ladabi.

Bai gama salati ba maƙwabta suka cika ƙofa. Ga mutum, ga makulli a hannu, ga jakar kayan aiki a kafaɗa. Ko kai ne ai kama shi za ka yi.

Sajan ɗin 'yan sanda da ta zo wata gajeriyar mata ce da ba ta ɗaga murya, kuma irinsu sun fi ban tsoro. Ta taso shi da ankwa har shagonsu.

"Wannan ne gida na uku," ta ce wa Oga, mai shagon. "Duk kwastomominka. Duk ba a fasa ƙofa ba. Wa ke sanin inda suke ɓoye makulli?"

Oga ya juyo da kwamfuta. Shafi ne na intanet mai layi-layi: sunan kwastoma, gida, lokacin zuwa, awa nawa aka yi, nawa za a caje shi. Can ƙarshe kuma wani gurbi, *yadda za a shiga*.

"Su wa ke buɗe shi?"

"Mu huɗu. Ni, ƙanwata, Injiniya, sai Dogo."

"Kowa ya ajiye wayarsa nan."

Ta fara da ƙanwar, wadda duk shagon ke kira Anti.

"Ina kike da safe?"

"Kan kujerar nan. Tambayi mai kantin gefe, ya fi ni sanin motsina."

Mai kanti ya shaida, har da ƙari. Injiniya kuwa, abokin aikin Dogo, tun hantsi yana kan rufin wani otal, manaja na tsaye ƙasa yana zaginsa. Oga yana asibiti da mahaifiyarsa. Aka zagaya aka dawo kan Dogo, wanda ya isa gidan likitan a makare.

"Ranki ya daɗe, wallahi faci na tsaya yi."

"Mai facin ya san ka?"

"Ya... ya ga taya."

A ransa Dogo ya hango matarsa da tsohon ciki tana kawo masa abinci gidan yari.

"Yaya," Anti ta ce a hankali. "Yaya, dubi."

Wani ɗan koren akwati ne a shafin, alamar wani na ciki. Ba suna a kansa. Ya motsa. Wayoyi huɗu na kan tebur, hannun Anti biyu na kan ƙirjinta, amma abin ya gangaro layi-layi kamar mai zaɓen kaya a kasuwa, ya shiga ayyukan gobe, ya tsaya cak a gurbin makulli.

Injiniya ya fara addu'ar da ya manta rabinta.

"Ba aljani ba ne," in ji Sajan. "Aljani ba ya sayen data. Oga, ka ce ku huɗu."

Oga ya sosa ƙeya. Ashe kwanaki wani kwastoma, mai sayar da kayan lantarki na hannu, ya yi masa gardama cewa an ƙara masa awa. Maimakon ya cire masa nasa layin, sai Oga, don ƙyuya da son cin gardama, ya tura masa link, wato adireshin buɗe shafin gaba ɗaya: duba da idonka.

"Da gidajen mutane? Da makullansu?" Anti ta dafe kai. "Yaya, ai gara ka buga a jarida!"

"Link ana iya tura wa wani," Sajan ta ce. "Sai mun ga hannu a tukunya. Oga, rubuta a shafin: gobe da safe, gida kaza, masu gida sun yi tafiya, makulli a bayan mita."

Dogo ya miƙa hannayensa. "To a kwance ni?"

"In na sake ka, ɓarawo zai san ban ƙoshi ba. Yau kai baƙona ne."

Haka ya kwana a bayan kanta, sauro na yi masa nasu binciken.

Washegari da hantsi aka shigo da kwastoman nan mai kayan lantarki, ƙaton tumbi, hula a karkace, an kama shi yana laluben bayan mita. A ɗakin ajiyarsa aka samu talabijin ɗin likita, har ya manna masa farashi.

"Shafin ya gaya masa gidan da ba kowa," Sajan ta ce tana buɗe ankwa, "ya gaya masa lokacin da za ka iso. Sai ya riga ka, ya mayar da makulli inda yake, don a same shi a hannunka. Je ka, matarka na waje."

Dogo ya kai ƙofar caji ofis, ƙafa ɗaya a titi, ta sake kiransa.

"Af, Dogo. Esin ofishina na ɗiga."

Bai juyo ba.

"Ranki ya daɗe, a ciro shi a kawo shago."