Kuɗin Tayal a Walet Ɗin Mai Walda

Wuta ce ta haɗa su. Yana durƙushe a bakin rumfarsa yana liƙe ƙafar wani tebur, sai ya ji ƙara a bayansa. Ya ɗage gilashin walda, ya ga budurwa tana kakkaɓe gefen mayafinta, hayaƙi na tashi daga wani ɗan rami da wuta ta huda.

"Malam, haka kake tarbar masu kawo maka kuɗi?"

Duk layin makanikai Tartsatsi ake kiransa, kuma bakinsa bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, amma ranar sai kawai ya ajiye sandar walda ya miƙe tsaye. Ita ce Auta, 'yar mai sayar da tayal na bakin babban titi. Ta zo biyan kuɗin ƙarafan jera kaya da ya haɗa wa shagonsu.

"Baba ba ya ajiye tsaba," ta ce. "Da kirifto, kuɗin intanet, muke biyan masu turo mana kaya daga waje, kuma ni nake turawa. Kana da walet, asusun ajiye shi a waya?"

Ba shi da shi. Ta karɓi wayarsa, ta duba idon kyamarar da feshin wuta ya cinye, ta girgiza kai, ta buɗe masa walet a tsaye.

"Ka ga wannan dogon layin na haruffa da lambobi? Shi ne adireshinka. Abin da aka tura masa ya tafi kenan. Babu bankin da za ka je ka yi wa kuka. Sai dai in wanda ya karɓa ya ji tsoron Allah ya dawo da shi."

"To mayafin fa? Nawa zan biya?"

"Ka sai wa wayarka gwangwani ka riƙa rufe ta, kafin ita ma ka makantar da ita gaba ɗaya."

Ya sayi gwangwanin. Lambarta kuwa ba a saya ba, ita ta bayar. Daga nan saƙonni suka fara kai-komo, yana rubuta mata tana mayar masa.

"Sanyin idona, yau walda ta cinye min ido, hawaye kawai nake. Ki turo hotonki in ɗiga."

"Ka sa gilashinka, sarkin taurin kai. Idon nan ba naka ba ne kai kaɗai yanzu."

Da abin ya yi nisa ya tura kawunsa wurin mahaifinta. Mai Tayal bai ko bari kawun ya gama gyara zama ba. Ya ce bai haifi 'ya don ta ƙare a ɗakin da ke ƙaurin ƙarfe ba. Dama akwai mai zuga shi, wato Manaja, wanda ya daɗe yana riƙe masa makullan sito, ya kuma daɗe yana lissafin cewa in ya auri Auta shagon ya zo hannu. Shi ya kai tsegumin saƙonnin. Daga nan aka kafa doka: babu kira, babu saƙo, kuma yayanta ne zai riƙa bincika wayarta kullum.

Amma wanda ya toshe wa ruwa hanya bai hana shi tafiya ba. Yayan yana duba saƙonni da hotuna, ba ya duba walet, don a wurinsa wannan kayan aiki ne. Sai ga shi wata safiya wayar Tartsatsi ta yi ƙara. An turo masa kirifto ɗan mitsitsi, wanda ko ashana ba zai saya ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya fashe da dariya shi kaɗai. Ya mayar mata da shi.

Shi kenan gaisuwarsu ta samu. In ta turo, ina kwana kenan. In ya mayar, lafiya lau, ina nan kan bakana. Har ya haddace wutsiyar adireshinta kamar yadda ya san muryar mahaifiyarsa, adireshinsa kuma ya zauna a saman jerin wayarta, inda yatsanta ke sauka ko ba ta duba ba.

Yatsan nan shi ya ja musu. Ranar da za a biya kuɗin kwantenar tayal, jarin gidan gaba ɗaya har da na abokan hulɗa, masu saye sun cika shago, uban yana mata tsawa ta yi sauri. Ta danna inda ta saba dannawa. Da masu kaya suka ce ba su ga komai ba aka buɗe walet ɗin, aka ga inda kuɗi suka tafi, aka kuma ga dogon jerin turawa tsakaninta da mai walda. Wa zai yarda gaisuwa ce? Manaja ya ce ai gwaji suke yi tun tuni, yau suka yi babbar satar. Yayanta ya ɗauke ta da marin da ya kai ta ƙasa, ya ƙara mata da ƙafa. Uban ya ƙwace wayar ya sa a aljihu, ya kulle ta a ɗaki, ya ce in kuɗin nan ba su dawo ba ta nemi wani uban. Manaja ya ce Alhaji ya kwantar da hankalinsa, shi zai je ya karɓo.

Duk wannan Tartsatsi bai sani ba. Wayarsa na cikin gwangwani, janareta na ruri, rana ta take. Bai ji shigowar Manaja da wasu ƙatti biyu ba sai da rodi ya sauka a gadon bayansa.

Ya kife kan teburin ƙarfe. Kafin ya juyo wani ƙato ya shaƙe shi ta baya, ɗayan ya tura masa gwiwa a ciki har sai da ya ji ɗacin abin da ya ci a maƙogwaronsa. Suka ja labulen buhu suka rufe bakin rumfar. Manaja ya tsaya gefe yana kare takalminsa daga ƙura.

"Ɓarawon zaune. Ina wayar?"

"Me na yi muku?"

Aka amsa masa da naushi a baki. Ya tofar da jini da gutsuren haƙori. Suka zazzage akwatin kayan aiki, suka ɓalle gwangwanin, suka tura masa wayar a fuska. Ya buɗe. Da ya ga abin da ke cikin walet ɗin sai ya ji ciwon bayansa ya tafi, wani ya zo wanda ya fi shi. Ya san adireshin da kuɗin suka fito. Ya kuma san irin gidan da Auta take ciki.

"Me kuka yi mata?"

"Abin da ake yi wa ɓarauniya," in ji Manaja. "Tura su nan."

Ya nuna masa tambarin adireshi, irin wanda ake ɗauka da kyamara, a fuskar wayarsa. Kyamarar da wuta ta cinye ta ƙi ɗauka. Manaja ya yi tsaki, ya turo masa adireshin ta saƙo.

"Na masu kaya ne. Yi sauri."

Tartsatsi bai yi boko mai nisa ba, amma mai walda ya san in aka liƙa ƙarfe a inda ba nan ba, sai dai a yanke. Wannan kuwa ba ya yankuwa. Ya duba wutsiyar adireshin, ba tata ba ce. In na masu kaya ne, me ya hana a mayar mata ta tura da hannunta? In kuwa ba nasu ba ne, kuɗi sun ɓace har abada, shi da ita su zauna da sunan ɓarayi, mutumin nan kuma ya koma gida ya ce mai walda ya ƙi bayarwa.

"Daga inda suka fito, nan za su koma," ya ce. "Ko a kira Alhaji ya zo da kansa."

Manaja ya dubi ƙattin nan ya yi musu alama da haɓa. Suka ja hannunsa na hagu zuwa bais, maƙalar da yake matse ƙarfe da ita, suka jera yatsunsa a ciki. Ƙaton ya fara murɗawa. Da farko sanyin ƙarfe ya ji, sannan nauyi, sannan wani ƙas da ya ji a cikin kunnensa kafin ya ji a hannu. Ya yi ihun da janareta ya haɗiye.

"Saura huɗu," in ji Manaja. "Da me za ka riƙa riƙe ƙarfe, angon Auta?"

Aka ƙara murɗawa. Na biyu ya karye. Fitsari ya kusa kufce masa, rumfar ta riƙa juyawa.

"Zan tura! Wallahi zan tura. Ku ba ni."

Suka sa masa wayar a hannun dama. Jinin bakinsa ya ɗiga a fuskarta, ya sa babban yatsa yana gogewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala: Manaja ya riga ya ɗauke ido daga kansa, ya zuba wa tasa wayar yana jiran shigowa. Tartsatsi ya bar yatsansa ya bi hanyar da yake bi kowace safiya. Ya zaɓi duka. Ya danna.

Manaja ya jira. Ya girgiza wayarsa, ya ɗaga ta sama. Da ya fizge wayar Tartsatsi ya karanta, sai fuskarsa ta koma kamar tokar murhu. Ya sunkuya ya ɗauki rodi da hannu biyu.

Sun manta a rumfar wa suke. Mariƙin sandar walda yana rataye a gefen teburin, wuta na cikinsa. Tartsatsi ya cafko shi, ya runtse ido, ya karta sandar a kan teburin ƙarfen daidai fuskokinsu. Farin haske ya tsage rumfar. Su uku suka dafe ido. Rodin ya sauka a kafaɗarsa maimakon kansa. Ya luma jan bakin sandar a damtsen ƙaton da ke riƙe da bais, ƙaurin nama ya tashi, ƙaton ya yi wata kururuwa ya yi baya ya faɗa kan janareta, injin ya mutu. Shirun da ya biyo baya shi ya fitar da ihunsu waje.

Mai faci ne ya fara yage labulen da ƙarfen cire taya a hannu, kafinta na biye da guduma, sai layin gaba ɗaya. Ƙattin suka sha dukan da sai da dattawa suka kwanta a kansu. Manaja aka ɗaure shi da wayar wuta a jikin ƙafar teburin.

Ana kwance hannun Tartsatsi motar Mai Tayal ta tsaya. Wayar da ke aljihunsa ce ta yi ƙara a gida, ya ga dukiyarsa ta dawo ba ko ƙwandala da ta yi ciwon kai, ya buɗe ɗaki ya ɗauko 'yarsa, yayanta na biye. Ta fito da kumburarren kunci. Da ta ga yatsun ba ta yi kuka ba, ta cire mayafinta, mai ramin wutar nan, ta naɗe hannun.

"Alhaji, ni na matsa masa ya dawo da su!" Manaja ya ɗaga murya daga ƙasa. "Adireshin masu kaya na ba shi, ya ƙi!"

Tartsatsi ya miƙa mata wayarsa, saƙon na buɗe. Ta duba, ta karɓi tata daga hannun uban.

"Baba, ka ce gaisuwarmu ƙarya ce. Bari in gaida mai wannan adireshin."

Ta tura ɗan mitsitsin nan. Sai ga ƙara daga aljihun Manaja.

Yayanta ne ya fara yin kansa, da ƙyar aka janye shi, aka miƙa su ukun ga 'yan sanda. Mai Tayal ya daɗe tsaye yana kallon jinin da ke bakin bais. Sannan ya durƙusa da manyan kayansa a cikin baƙin mai, ya tallafi gwiwar hannun yaron.

"Ɗana, tashi mu je asibiti. In ka warke ka ce wa kawunka ya dawo. Wannan karon zan bari ya zauna."

Yatsu biyu ba su koma daidai ba, sun warke a karkace. Yayan ya yi ta zarya asibiti da kwanon abinci, kansa a ƙasa, har Auta ta gaji ta ce ta yafe, amma shi zai yi dakon kayan ɗakinta. Haka kuwa aka yi. Ranar ɗaurin aure makanikai suka rufe layi, Mai Tayal ya kama karkataccen hannun a gaban jama'a ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'a masu riƙon amana irin na ubansu. Aka shafa.

Washegari da safe Tartsatsi yana ɗaura igiyar takalmi wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga kai. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kofin shayi, tana danne dariya.

"Sanyin idona, ga ni ga ki, me ya kawo turawa?"

"Ka mayar dai, in ji ko kana nan kan bakanka."

Ya mayar. Allah Ya bar su tare.