Rabin Fuskar Mama

"Ke ce mai zanen?"

Na durƙusa har ƙasa. "Ni ce, Mama."

"Ban haife ki ba. Tashi ki kafa kayanki."



Wannan ita ce mahaifiyar Injiniya, mutumin da na shekara biyu ba na ganin kowa sai shi. Tun bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, gefen hagu na fuskarta ya saki, ido ya rusuna, leɓe ya karkace. Ta sa aka kwashe duk madubin gidan. Ta kuma rantse ɗanta ba zai auri "mai wasa da fenti" ba.

Gimbiya, 'yar ƙanenta, tana tsaye bayan kujerar tana gyara mata mayafi. Ta daɗe tana harin Injiniya, kuma ita ta kawo shawarar a kira ni.

"Gwaggo, ai an ce hannunta ba ya ƙarya," ta faɗa tana murmushi. "To ta zana ki mu gani!"

Nan take na gane tarkon.

In na gyara fuskar, na zama maƙaryaciya mai neman shiga. In na zana ta yadda take, na ci mutuncin uwar wanda nake so.

Gaba kura, baya sayaki.

Na kafa allona kusa da taga, na ɗauki fensir. Na fara zane.

Da na fito, Injiniya na jirana a bakin ƙofa.

"'Yar fentina... don Allah ki gyara mata. Ki mayar da ita yadda take a da."

"Kai ma tsoronta kake ji?"

"Kukanta nake tsoro, sanyin idona. Ba zan iya gani ba."

"In ta ce na yi mata ƙarya fa?"

 

Na bi maganarsa. Kwana biyu ina zuwa, na zana mata fuska sumul, leɓe daidai, kamar ciwo bai taɓa sanin hanyar gidan ba. Ai aikina ke nan! Shekara bakwai ina rage wa mata kumatu, ina cike wa maza sanƙo, su biya su tafi suna yabo.

Ran na uku da safe, ina wanke burushi a shagona, na ɗaga kai na ga kaina a madubi.

Na tsaya cak.

Idanun nan... na san su. Su ne na yi kwana biyu ina kallo a fuskar Mama, ina kauce musu.

Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Ban taɓa zana wa kowa gaskiya ba, don kada a ƙi ni. Ko Injiniya ban taɓa ce masa a'a ba, don kada ya tafi.

Na tashi na shafe allon da farin fenti, na fara daga farko.

Bayan mako guda muka taru a falo. Allon na lulluɓe da ƙyalle. 

"Buɗe," in ji Mama.

Na yaye.

Gimbiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Gwaggo, kin ga rashin kunya? Ta mayar da ke abin dariya! Yaya, wannan kake so ka kawo mana gida?"

Injiniya ya kalle ni, fuskarsa ta yi fari fat. "Me kika yi haka...?"

"Ku yi min shiru!" in ji Mama.



Ta sa aka matso da allon. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta shafa leɓen da ke jikin zanen, sannan ta shafa nata.

"Haka nake?"

"Haka kike."

"Kullum sai su ce min, 'Kin warware, ba a ma ganewa.'" Ta juyo ta ƙura min ido. "Mene ne wannan da kika sa a idona?"

Na ce, "Tsoro ne."

"Ni? Tsoron wa?"

"Tsoron kada ɗanki ya yi aure ya bar ki a ɗaki, ke da bango."

"Ke!" Gimbiya ta daka min tsawa.

Ban kalle ta ba. Hawaye na zuba na ci gaba. "Ban ƙirƙira ba. Irinsa ne a nawa idon, shi ya sa na gane shi. Ni ma kullum tsoro nake kada ya zaɓe ki ya bar ni. Mu biyu muna ta jan mutum ɗaya, alhali bai ce zai saki kowa ba."

Leɓen Mama ya hau rawa.

Injiniya ya zube a gabanta ya riƙe ƙafarta. "Mama, ina za ni in bar ki? Wallahi ko da wasa!"

Sai ta fashe da kuka. Kukan da yake gudu, ga shi ya gani, kuma bai mutu ba.

Gimbiya ta matso. "Gwaggo, bari in fitar da wannan abin..."

"Taɓa shi ki gani! Ke kika ce hannunta ba ya ƙarya, ko? To kin yi gaskiya. Je ki gida, ki gaishe min da babanki."

Ta fita fuu, ko sallama babu.

Mama ta share ido ta yafito ni. Na matsa kusa da ita. Ta kama hannuna mai ɗauke da tabon fenti, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Kai, ka je ka shaida wa iyayenta muna tafe."

"Mama!" in ji Injiniya.

"Amma ke, zo nan." Ta nuna allon da haɓa. "Bakin na yarda, nawa ne. Wannan uban kunnen fa, na wa kika ɗauko?"

"Naki ne..."

"Ja'ira!"

Wata biyu bayan nan aka ɗaura mana aure. Ranar biki Mama ta zauna a layin gaba, fuska a buɗe, duk wanda ya kalle ta sai ta kalle shi har ya sunkuyar da kai.