Manhajar 'Yar Dillali

Motar hayar Funtua zuwa Bakori ba wurin aiki ba ce, amma da alama babu wanda ya taɓa gaya wa Mus'ab haka. An cusa su mutum huɗu a kujerar mutum uku, ga buhun barkono a ƙarƙashin ƙafafunsu, shi kuwa ya buɗe laftof a kan gwiwa yana ta danne-danne kamar wanda ke ofis.

Ummukulsum da ke gefensa ta so ta kau da kai, don ba a koya mata leƙen kayan mutane ba. Sai dai kimiyyar kwamfuta ta karanta, ita ma take koyar da 'yan mata a wata makaranta a Funtua. Kafin su fita gari ta hango abin da ya hana aikinsa tafiya.

"Malam, ka yi haƙuri da shisshigi," ta ce a hankali. "Ka manta waƙafi a layi na uku."

Ya duba, ya gyara, nan take fuskar na'urar ta cika da lambobi. Ya juyo ya kalle ta, ya manta da rufe baki.

"Tun asuba nake fama da wannan," ya ce. "Ke kuwa baiwar Allah daga ina?"

"Daga gidanmu. Mene ne kake haɗawa?"

Ya yi mata bayani. Manhaja ce da ke kwatanta farashin kirifto, wato kuɗin nan da ba na takarda ba, a kasuwannin intanet daban-daban. Kowace kasuwa tana da wata ƙofa da ake kira API, manhajar sai ta leƙa ta ɗauko farashi, ta jera su wuri ɗaya, mutum ya ga inda ya fi araha. Shi ba ya saye ba ya sayarwa, masu amfani da manhajar ne ke biyansa duk wata.

Ummukulsum ta yi dariya. "Ashe dillanci kake yi. Babana ma haka yake kiran Dandume da Malumfashi da Funtua kowace safiya ya ji yadda masara ta kwana."

"To, sannu 'Yar Dillali."

Sunan da ya bi ta ke nan. Garin Tsiga za shi gaida kakarsa, amma sai da ya sauka a Bakori ya ga ƙofar gidansu.

Wata biyu yana zuwa zance, kuma duk wanda ya saurare su sai ya rasa ko soyayya ake ko darasi. Ita ta kan kira shi Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Ranar nan ta karɓi laftof ɗin ta daɗe tana kallo.

"Injiniya, manhajarka za ta jefa mutane a rami."

"Subhanallahi! Ta yaya?"

"Tana faɗin inda ya fi araha, amma ba ta faɗin yawan abin da ke akwai a wannan farashin. Ba ta kuma cire ladar da kasuwa ke yanka in mutum zai fitar da kayansa zuwa wata. Arahar da ba ta da yawa, kuma hanya ta cinye ta, ai ba araha ba ce."

Kunya ta kama shi, sannan ya miƙa mata komai. Mako uku ta yi tana rubuta wannan ɓangaren a lokacin hutun tara na makaranta. Da aka saka shi, masu amfani da manhajar suka ninka. Ya turo mata saƙo:

"'Yar Dillalina, yau wani daga Ikko ya yi mini godiya. Na ce masa ya kai godiyar Bakori. Allah ya bar min ke."

Ta karanta ya fi sau goma, ta kuma ƙi gogewa.

Da maganar ta kai ga manya, mahaifinta Alhaji Maitama, babban dillalin hatsi na Bakori, ya yi abin da kowane uba ke yi. Ya tura ƙanin matarsa, Kawu Sanda, ya binciko asalin yaro da sana'arsa. Kawu Sanda kuwa mutum ne da in ka aike shi ɗebo ruwa sai ya haɗo da labarin rijiya. Ya dawo yana girgiza kai.

"Asali kam babu laifi, ubansa malamin makaranta ne. Amma sana'a, Alhaji! Ba rumfa, ba shago, ba gona. Wuni yake a ɗaki da na'ura. 'Yan unguwa ma cewa suke ɗan Yahoo ne, mai damfara ta intanet."

Kuma kamar an shirya, a makon ne Abdulrahman mai shagon taki ya turo iyayensa. Shagonsa ƙofa uku ne a bakin titi, makaho ma ya san da zamansa.

"Ni ba na ba da 'yata ga wanda ba a iya nuna sana'arsa da yatsa," in ji Alhaji. "Ya daina zuwa."

Ummukulsum ba ta yi musu ba, amma ta rame a tsaye. Mahaifiyarta Hajiya Uwa ce ta yi ta bin Alhaji da lallashi har ya sassauta.

"To, ya zo ranar Juma'a bayan La'asar da na'urar tasa. In na ga yana da kan kasuwa, shi ke nan. In ban gani ba, ranar Asabar zan karɓi gaisuwar gidan su Abdulrahman, kuma kada a ƙara tayar mini da maganar."

Ta san mahaifinta kamar yunwar cikinta, ta san tambayar da zai yi. Ta rubuta wa Mus'ab:

"Injiniyana, Baba zai tambaye ka yawan kaya da kuɗin hanya. Ka nuna masa ɓangaren nan, kada ka ambaci sunana. Bai san na sa hannu ba. Ka bar shi ya ɗauka kai ka yi, don Allah."

Amsar ba ta daɗe ba:

"Hasken idona, ki roƙe ni komai ban da wannan. Ba zan shiga gidanku da rigar aro ba. In ya tambaya, gaskiya zan faɗa."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita tana neman hanyar da za su tsira, shi yana ta kare girman kansa! Ta rubuta masa:

"Ashe gaskiyarka ta fi ni daraja a wurinka. Allah ya ba da sa'a."

Ta kashe wayar. Kwana uku ba ta kunna ba, kuma kwana ukun nan ba ta ji ɗanɗanon abinci ba.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa darduma a zaure. Alhaji ya zauna, Kawu Sanda na gefensa, Mus'ab ya durƙusa ya gaishe su ya buɗe laftof. Ummukulsum ta laɓe a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida.

Alhaji ya sa tabarau ya saurari bayanin API har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya nuna wani layi da yatsa.

"Nan ka ce ya fi araha ko? To, buhu nawa ne a ƙasa? Na taɓa tura babbar mota har Malumfashi don an ce masara ta faɗi, direba ya tarar buhu uku ne kacal. Sannan ina kuɗin mota da na 'yan dako?"

Mus'ab ya danna wani wuri. "Ga yawan abin da ke akwai a kowane farashi, Alhaji. Wannan kuma abin da zai rage wa mutum ne bayan an cire ladar hanya. Ka ga wadda ta fi araha ɗazu ta koma ta huɗu."

Alhaji ya matso har hularsa ta kusa taɓa na'urar. Ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah! Akwai dillalan da suka yi furfura ba su gane wannan ba. Yaro, a wace kasuwa ka tashi?"

A bayan ƙofa Ummukulsum ta runtse ido. In da Mus'ab zai yi murmushi kawai ya sunkuyar da kai, da aure ya tabbata.

"Ban tashi a kasuwa ba, Alhaji," ta ji ya ce. "Ni tawa manhajar farashi kawai take jerawa, kuma da an bar ta haka da ta cutar da mutane. Ummukulsum ce ta gano, ita ce ta rubuta wannan ɓangaren tun daga farko har ƙarshe."

Kawu Sanda ya tafa hannu.

"Ka ji ko, Alhaji? Ashe ma yarinyar ce ke riƙe da shi!"

"Ummukulsum!" Alhaji ya ɗaga murya. "Fito, tun ɗazu nake ganin inuwarki."

Ta fito ta durƙusa.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ya koya miki? Makaranta?"

"Makaranta ta koya mini rubuta manhaja. Sauran a bakinka na ji. Tun ina ƙarama nake kawo maka koko da safe kana waya da kasuwanni."

Alhaji Maitama ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. 'Ya'yansa maza biyar, ɗaya soja, sauran aikin gwamnati, babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake sanin kasuwa. Ya juya ga Kawu Sanda.

"Sanda, ɗan Yahoo aikinsa ya ɗauki na wani ya ce nasa ne. Wannan kuwa an miƙa masa a hannu, ga mata yana so, ya mayar wa mai shi abinta a gabana. Shekara talatin ina awo, na san mutumin da ba ya tauye mudu. Ka je gidan su Abdulrahman ka ba su haƙuri."

Ya dubi Mus'ab. "Ka turo magabatanka."

Ummukulsum ta ruga cikin gida ta faɗa jikin Hajiya tana kuka. Da ta kunna waya, abin da ta iya rubutawa kawai shi ne:

"Ka yafe mini, Injiniyana. Yau na san wanda zan aura, kuma ina alfahari da shi."

"Ni na riga ki alfahari," ya amsa. "Ki ci abinci, ɗazu na ga kin rame."

Bayan kaka, da aka gama kai amfanin gona gida, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. Dillalai suka zo daga Dandume da Funtua da Malumfashi. Alhaji ya hana kowa sakat, duk wanda ya zo yi masa murna sai ya riƙe hannunsa ya ba shi labarin manhajar da 'yarsa ta gyara, wadda har mutanen Ikko ke amfani da ita. API ɗin ma ya haddace, yana faɗa yana gyara zaman babbar riga.

Da yamma aka kawo amarya ta yi masa sallama. Ta durƙusa a gabansa lulluɓe, tana shessheƙa. An ɗauka doguwar nasiha zai yi, kamar yadda ya yi wa yayyenta. Sai ya ɗora hannu a kanta, muryarsa ta karye.

"Na daɗe ina kukan ban samu magaji ba, ashe ban duba da kyau ba ne. Ki je, Ummukulsum. Na ba da ke ga mai gaskiya, shi kuma na ba shi mafi tsadar abin da ya taɓa fita daga gidan nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai kai irin naki da amana irin tasa."

Duk ɗakin aka amsa da amin, guɗa ta tashi, motar amarya ta kama hanyar Funtua inda Mus'ab ke tsaye a ƙofa yana jiran matarsa.