Kakan da Ya Ƙi Sa Hannu

A layin ofishin jakadancin Italiya da ke birnin Rosario suka haɗu. Milagros ta zo neman fasfo da sunan kakanta Ba'italiye. Ezequiel bakanike ne a tsallaken titi. Ya ga sanyi na cin ta, ya miƙa mata ƙoƙon shayi.

"Sha, 'yar Turai. Can ba mai ba ki kyauta."

Ta sha, ta yi dariya. Shi ke nan.

Bayan wata uku ya je gidansu cin gashin naman Lahadi. Babanta, Don Aníbal, ya kalli baƙin man da ke farcen Ezequiel.

"Kakanka daga wane jirgin ruwan Turai ya sauko?"

"Babu jirgi, ranka ya daɗe. Mu nan aka tarar da mu."

"To, 'yata ba ta auren jikan masu wanke mana tukunya."

Franco yake so ya ba, ɗan abokinsa, wanda fasfon yake so fiye da yarinyar.

Ezequiel ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, in tafiyar ce alherinki, ki tafi. Can Italiya renon tsofaffi ne, amma da albashi. Nan sai ni da gareji."

Ta amsa: "Sakarai. Ka ci abinci?"

Takarda ɗaya ta rage a neman fasfon, ta haihuwar babanta. Da ta iso daga cocin ƙauye, Don Aníbal ya tara dangi, ya ce Milagros ta karanta kowa ya ji.

Uwa: Ramona, 'yar aiki. Uba: ba a sani ba.

Gwaggo Nélida, yayar Don Aníbal, ta ci gaba da taunar namanta. "Ai kowa ya sani, Aníbal. Baba ya yi wa Ramona cikin, ya ƙi sa hannu a takardar. 'Yar aikin da kake jifa da takalmi kana yaro, ita ta haife ka."

Franco ko sallama bai yi ba. Babu sunan kaka Ba'italiye a takarda, fasfo ya bi ruwa.

Ezequiel ya dawo roƙon aurenta, bai yi gori ba. Aka ɗaura aure a Satumba. Don Aníbal ya dafa kawunansu, ya ce: "Allah ya bar ku tare, ya ba ku 'ya'yan da suka san uwarsu."

Da aka watse ya ja Nélida gefe. "Ina aka binne Ramona?"

"Wa ya sani? Ranar kana wajen kallon ƙwallo."