Garkuwan Shiri Ba Na Sayarwa Ba Ne

"Mai bara ne! Ko da makirufo yake yi, sunanta bara!"

Baba ya buga teburin falo har kofin shayinsa ya yi rawa. Auta na durƙushe a gabansa, hawaye na ɗiga a kan mayafinta.

"Baba, wallahi ba bara ba ce. Fodkas ne, kamar shirin rediyo, sai dai a waya ake ji. Masu sauraro ne ke taimakawa da abin da ya sawwaƙa."

"Shi kuma ya raba musu sarauta ko? Wannan Aminin Shiri, wancan Jigon Shiri, wane Garkuwa! Ba abin da maroƙa ke yi ba ke nan? Ka ba su, su wasa ka."

Baba kafinta ne, kuma a wurinsa duk aikin da ba ya fasa tafin hannu zaman banza ne. Shi kuwa Dogo, saurayin Auta, a ɗakinsa yake aiki, ya jingina katifa a taga don kare hayaniyar titi, yana hira da masu ƙananan sana'o'i a kan rayuwarsu. Shekara biyu suna son juna, sai da maganar aure ta taso Baba ya tuna da tambayar sana'a.

"Wata uku," in ji Baba. "Ba kira, ba saƙo, sai na yi bincike. Kin yi alkawari?"

"Na yi, Baba."

Faɗar ta fi cikawa sauƙi. Auta ta rame, ta daina surutun da aka san ta da shi a kantin maganin da take aiki. Abin da ya rage mata kawai safiyar Asabar, ranar da sabon shiri ke fita. Sai ta maƙala iyafis a kunne ɗaya tana jera kwalabe, zuciyarta na can ɗakin mai katifa a taga. Daga muryarsa take gane ya yi mura, ko bai karya ba. Tana jin tsohon makirufonsa na ƙara lalacewa, yana shuuu a tsakiyar magana. A ƙarshe, bayan ya karanta sunayen masu tallafi, yakan ce, "Da wadda ke saurare ba ta da ikon amsawa, ina gaishe ta." Nan take shigewa bayan kantin ta yi kukanta ta fito.

A wata na biyu Baffa ya zo, ƙanin Baba, dillalin motoci, mutumin da ya yarda komai na duniya da farashinsa. Auta na kicin ta ji shi yana cewa, "Yaya, bar ni da yaron nan. Zan tura masa kuɗi masu kauri, in ce ya naɗa ni Garkuwan Shiri a wannan makon. In ya karɓa, ka ga kamanninsa."

Ta san dokar Dogo: ba a zama Garkuwa sai an yi wata goma sha biyu ana tallafi ba fashi, komai ƙanƙantarsa. Amma ta kuma san halin da yake ciki. Wane ne zai ga abin sayen sabon makirufo a hannu ya mayar?

Ta ɗauki waya ta rubuta, "Don Allah kar ka karɓa." Tana shirin danna maɓallin turawa sai ga Mama a kanta.

"Auta, me kika ce wa babanki?"

"Mama, tarko fa suka ɗana masa! Shi bai sani ba!"

"Na ji. To in kin faɗa masa ya ƙi karɓa, har abada ba za ki san ko halinsa ne ko gargaɗinki ba. Da wanne kike so ki zauna?"

Ta goge saƙon tana shessheƙa. Kwana biyar ɗin da suka rage kafin Asabar sun fi mata wata biyun tsawo.

Ranar Asabar Baba ya kira ta falo, Baffa na gefe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kunna mana shirin nasa, ki ƙara murya," in ji Baba.

Hira ce da wani direban motar asibiti. Baba ya yi kamar hankalinsa na kan jarida, amma shafin bai juya ba. Da aka zo sunaye, Auta ta runtse ido.

"Kafin in karanta," in ji Dogo, makirufon na shuuu, "wani bawan Allah ya turo mana alheri mai yawa, ya nemi a naɗa shi Garkuwa yau. Alhaji, na gode, amma na mayar maka, ka yi haƙuri. Garkuwan wannan wata wata dattijuwa ce mai shara a tashar mota. Wata goma sha biyu ba ta fasa ba. In na sa ka a gabanta, da wane ido zan dube ta?"

"Ni ya mayar wa kuɗi?" Baffa ya zabura yana laluben waya. "Kai! Ga alat ɗin banki kuwa! Yaron nan yana da hankali kuwa?"

Baba ya ninke jarida a hankali.

"Maroƙi ba ya mayar da kyauta," ya ce. "Na zalunce shi. Auta, kira shi, ki ce ya zo ya same ni a shago."

"Baba, ai saura wata guda..."

"Ni na sa, ni na cire. Kira shi!"

Bugu ɗaya ya ɗauka. "Auta? Ke ce?"

Duk maganar da ta tara ta wata biyu ta gudu, sai kuka. Cikin kukan ta ce masa Baba na nemansa a shago.

Da ta tura saƙon nan, da ta samu mijin, amma da shakka a ranta har tsufa. Ta riƙe alkawarin mahaifinta, shi ya riƙe amanar masu sauraronsa, ba tare da ɗaya ya san abin da ɗayan ke sha ba. 'Yan uwa, ku yi haƙuri da iyaye in sun tsaya bincike; mai halin kirki ba ya buƙatar a raɗa masa amsa.